Na'urorin Faɗaɗa Muƙamuƙin Sama Marasa Ƙarfe ga Yara: Yadda Suke Aiki da Iyakar Amfaninsu

Tsakure

Wannan muƙala ta yi bayani a kan na'urorin da likitocin daidaita haƙora suke amfani da su wajen faɗaɗa muƙamuƙin sama na yara, musamman sababbin da ake ƙerawa ba tare da ƙarfe ba. An fara da tsarin ganɗa da dalilin da ya sa take karɓar faɗaɗawa a ƙuruciya, sannan aka bi tarihin na'urorin ƙarfe tun daga 1860, aka kawo dalilan da suka sa aka nemi madadinsu. Muƙalar ta kasa na'urori marasa ƙarfe gida uku, ta nuna cewa sunan da suka yi tarayya a kansa yana bayyana abin da aka ƙera su da shi ne kawai, alhali aikinsu a kan ƙashi ya bambanta ƙwarai. A ƙarshe an duba tasirinsu a kan furuci da kuma kalmomin da suka dace a yi bayaninsu da su a Hausa.

Fitilun Kalmomi: ganɗa, muƙamuƙin sama, saɓanin cizo, wushirya, nikel, nailan

1.0 Gabatarwa

Masu nazarin tsarin sautin Hausa sun san ganɗa a matsayin gurbin furuci, wato rufin baki mai tauri da ke tsakanin hanƙa da hanɗa. A wajen likitan haƙori kuwa, ganɗa sashe ce ta muƙamuƙin sama, kuma faɗinta ne yake ƙayyade ko haƙoran dindindin za su sami wurin tsayawa, da yadda na sama za su hau kan na ƙasa wajen tauna. Idan ta yi ƙunci, akwai hanyar faɗaɗa ta ba tare da tiyata ba, amma hanyar tana da wa'adi, domin tana ƙara wuya yayin da yaro yake girma.

Fiye da shekara ɗari da sittin ana wannan aiki da na'urorin ƙarfe. A 'yan shekarun nan an fito da wasu na roba da nailan, ana tallata su da cewa babu ƙarfe a cikinsu. Wannan lafazi yana da daɗin ji ga iyaye, to amma bai amsa babbar tambaya ba: shin na'urar ƙashi take buɗawa, ko kuwa haƙora kawai take turawa gefe? Amsar ta danganta da irin na'urar, da shekarun yaron, da kuma matsalar da ake son gyarawa.

2.0 Tsarin Ganɗa da Dalilin Ƙuncinta

Muƙamuƙin sama ƙasusuwa biyu ne, na dama da na hagu, waɗanda suka haɗu a wani layi da ya ratsa tsakiyar ganɗa daga bayan haƙoran gaba zuwa can ciki. A wannan muƙala za a kira layin mahaɗar tsakiyar ganɗa. A ƙuruciya ɓangarorin biyu ba su narke sun zama ɗaya ba, akwai tsoka mai zarurruka a tsakaninsu, kuma daga nan ne muƙamuƙin yake ƙara faɗi.

A 1975 Birte Melsen ta ƙasar Danmak ta bayyana yadda wannan mahaɗa take sauyawa da shekaru. A jarirai tana da faɗi kuma gefunanta a miƙe suke. A yarinta sai ta fara lanƙwashewa. Bayan balaga kuwa gefunan biyu sukan sarƙe da juna kamar yatsun hannuwa biyu da aka haɗa, har ya zama ba a raba su sai an karya ƙananan sarƙoƙin. A 2013 Fernanda Angelieri da abokan aikinta suka kasa girman mahaɗar mataki biyar, daga A zuwa E, bisa hoton ƙashi mai nuna zurfi, suka kuma nuna cewa yara biyu masu shekaru ɗaya suna iya kasancewa a matakai dabam-dabam. Duk da haka ƙa'idar ba ta sauya ba: icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wannan yana cikin dalilan da suka sa ƙungiyar likitocin daidaita haƙora ta Amurka take ba da shawarar a fara duba yaro kafin ya wuce shekara 7, wato lokacin famfara, sa'ad da turamen dindindin na farko suka riga suka fito.

Ƙuncin ganɗa yana iya zama gado. Yana kuma iya samuwa daga daɗewa ana tsotsar yatsa, ko numfashi ta baki saboda toshewar hanci ko kumburin naman da ke bayan hanci, domin a irin wannan hali harshe yakan sauka ƙasa ya daina tallafar ganɗa daga ciki, kumatu kuma su ci gaba da matse ta daga waje. Yaran da aka haifa da tsagewar leɓe da ganɗa su ma sukan sami ƙuncin bayan ɗinki. Babbar alamar ita ce saɓanin cizo: maimakon turamen sama su rufe na ƙasa ta waje, sai su faɗa ta ciki. Yaro da yawa yakan karkatar da haɓarsa gefe guda domin haƙoran su haɗu, kuma idan aka bar shi a haka karkatar tana iya bin girman fuskar.

3.0 Na'urorin Ƙarfe da Yadda Suke Aiki

A 1860 Emerson Angell, wani likitan haƙori a birnin San Faransisko na Amurka, ya wallafa rahoto a mujallar Dental Cosmos cewa ya faɗaɗa muƙamuƙin wata yarinya mai kimanin shekara 14 da wani sukuru da ya gitta ganɗarta. Hujjarsa ita ce tazarar da ta bayyana tsakanin haƙoran gabanta cikin mako biyu. Masana zamaninsa ba su gaskata shi ba, kuma babu yadda zai nuna musu ƙashin, tun da ba a gano hoton ƙashi ba sai a 1895. Andrew Haas ne ya farfaɗo da hanyar a 1961 bayan gwaji a kan aladu da kuma marasa lafiya. A 1968 William Biederman ya fito da samfurin da yake ƙarfe zalla, wanda aka fi sani da Hyrax, sannan a shekarun 1970 Robert Ricketts ya yaɗa wata waya mai lanƙwasa huɗu wadda take aiki ba tare da sukuru ba.

A na'ura mai sukuru, ana ɗaura zobba a kan turame, a manne su, sukurun kuma yana zaune a tsakiyar ganɗa. Uwa ko uba ne suke juya shi da ɗan mabuɗi sau ɗaya ko sau biyu a rana, kowane juyi yana buɗa kimanin rubu'in milimita. Ƙarfin da yake taruwa yana kaiwa kilo da yawa, kuma hikimar ita ce ya zo da sauri yadda haƙora ba za su sami lokacin gusawa a cikin ƙashi ba, sai nauyin ya sauka a kan mahaɗar ta buɗe. Buɗewar ta fi faɗi ta gaba, shi ya sa wushirya take bayyana cikin 'yan kwanaki. Bahaushe yana ɗaukar wushirya abin ado, amma wannan ba mai zama ba ce: zarurrukan dasashi da suka haɗa haƙoran biyu sukan jawo su su rufe ta da kansu cikin makonni. Bayan mako biyu zuwa uku ana juyi, akan bar na'urar a baki wata uku zuwa shida domin sabon ƙashi ya cike gurbin. Da yake rufin baki shi ne daɓen hanci, ƙasan kogon hanci ma yakan ɗan ƙara faɗi.

Akwai kuma faɗaɗawa ta sannu, wadda take tafiya kimanin milimita 1 a mako da ƙarfi kaɗan marar yankewa. A ƙananan yara, waɗanda mahaɗarsu ba ta sarƙe ba, wannan ƙaramin ƙarfi yana isa ya taɓa ƙashi. A kan wannan gaskiya ce yawancin na'urori marasa ƙarfe suka dogara.

4.0 Dalilan Neman Madadin Ƙarfe

Dalili na farko shi ne nikel. Ƙarfe marar tsatsa da ake ƙera zobba da sukuru da shi yana ɗauke da kimanin kashi 8 cikin ɗari na nikel da kashi 18 na kuromiyom, wayoyin da ake haɗa nikel da titaniyom kuwa fiye da rabinsu nikel ne. Nikel yana kan gaba a cikin abubuwan da fata ba ta jituwa da su, kuma an fi ganin haka a mata saboda hujin kunne da 'yan kunne masu araha. Matsalar ta kai Tarayyar Turai ta kafa doka a 1994 a kan yawan nikel da kayan ado za su riƙa fitarwa. Sai dai fatar cikin baki ta fi ta jiki juriya, yawu kuma yana wanke abin da ya fita, don haka yawancin masu wannan lalura suna ɗaukar na'urar ƙarfe lafiya. Waɗanda bakinsu yake kumbura ko ya yi gyambo saboda ita kaɗan ne, amma ga su madadi wajibi ne.

Dalili na biyu shi ne hoton MRI, wanda yake aiki da maganaɗisu mai ƙarfi. Ƙarfe marar tsatsa a baki yana ɓata hoton kai da fuska, ya bar duhu ko murɗiya a inda likita yake son gani. Yaron da ake bibiyar ƙwaƙwalwarsa saboda farfaɗiya, ko ƙari, ko haɗarin shanyewar ɓarin jiki irin wanda sikila take jawowa, yana iya buƙatar a cire masa na'urar kafin hoto a kuma mayar bayansa, kowace cirewa kuwa tana iya mayar da aikin baya.

Dalili na uku ya shafi juya sukuru a gida. Aiki ne da yake buƙatar yaro ya buɗe baki ya natsu, iyaye kuma su sami ramin mabuɗin a can cikin baki. Ga yaro mai lalurar otizim, ko wanda ba ya jure a taɓa masa baki, wannan yakan zama fama ta kullum. Ga kuma abinci da yake maƙalewa a ƙarƙashin sukuru da gefen zobba, abin da yake wahalar da tsabta.

5.0 Ire-iren Na'urori Marasa Ƙarfe

5.1 Na'urar da Ake Mannewa

Wannan rukuni ya dogara ne a kan wata roba ta musamman da ake kira PEEK, wadda kamfanin ICI na Birtaniya ya samar a ƙarshen shekarun 1970, aka kuma daɗe ana dasa ta a tiyatar ƙashin baya. Ba ta narkewa sai zafi ya kai kimanin digiri 343, ba ta tsatsa, ba ta ɓata hoton maganaɗisu, kuma tana da sauƙin lanƙwasuwa fiye da ƙarfe marar tsatsa sau kusan hamsin, sannan ta nemi komawa siffarta. Ana kuma amfani da wani nau'in nailan mai lamba 12, wanda ba ya shan ruwa sosai.

A 2021 Matteo Beretta da abokan aikinsa a Italiya suka bayyana irin wannan na'ura da sunan ZeroExpander a mujallar Turai ta likitancin haƙoran yara, suna nufin yara masu buƙata ta musamman. Yadda ake yi shi ne, a ɗauki siffar bakin yaro da sikana, a faɗaɗa siffar a kwamfuta zuwa faɗin da ake so, a ƙera na'urar bisa wannan sabon faɗi, ko dai ta hanyar sassaƙa ta daga dunƙulen roba ko ta hanyar inji mai gina abu hawa-hawa. Da yake ta fi bakin faɗi, sai likita ya matse ta ya manne ta a kan turamen nono. Yunƙurin da take yi na komawa siffarta shi ne ƙarfin da yake tura ɓangarorin biyu, kuma idan ta kai faɗin da aka tsara sai ta tsaya da kanta. Babu sukuru, babu mabuɗi, babu abin da iyaye za su juya. Jingina ta a kan haƙoran nono yana da hikima, domin duk lahanin da nauyi zai yi wa saiwa zai sauka ne a kan haƙoran da za su fita tsakanin shekara 10 zuwa 12.

Rauninta yana tattare da wannan fa'ida. Ba a ƙara mata faɗi bayan an ƙera ta, idan lissafi ya gaza sai an yi sabuwa. Fuskar PEEK ba ta karɓar manni da sauƙi sai an karce ta an shafa mata wani sinadari. Ƙarfinta kuma na sannu ne, don haka ta fi dacewa da yaron da mahaɗarsa ba ta sarƙe ba.

5.2 Jerin Faranti Masu Ciruwa

A watan Disamba na 2023 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da na'urar faɗaɗa ganɗa ta Invisalign, ta kamfanin Align Technology. Jerin faranti ne na nailan, kowane ɗaya yana rufe ganɗa ya kama turame ta hanyar wasu 'yan tudu na sinadarin ciko da aka manna a kansu. Kowane faranti ya fi na bayansa faɗi da rubu'in milimita, wato daidai da juyin sukuru guda. Maimakon juyi, sai a cire na jiya a sa na yau, bisa jadawalin da likita ya tsara. Idan an gama, akwai faranti na riƙo da yaro zai ci gaba da sawa har ƙashi ya cike.

An ƙera waɗannan faranti da tauri domin su kai ƙarfi ga mahaɗar kanta, kuma ana cire su a goge haƙora. To amma duk abin da yake ciruwa yana hannun yaro da iyayensa. Idan aka bar shi a aljihu ko ya ɓace a makaranta, ganɗa takan fara komawa, faranti na gaba kuma ya ƙi shiga.

5.3 Kwanson Haƙora Mai Garai-garai

Rukuni na uku shi ne siririn kwanson roba da ake gani ta cikinsa, wanda yake lulluɓe haƙora kawai ba tare da ya gitta ganɗa ba. A 2018 aka fito da nau'insa na yara masu famfara da sunan Invisalign First. Yana iya ƙara faɗin jerin haƙora, amma yawancin ƙarin yana zuwa ne daga karkatar da haƙoran waje a cikin ƙashin da yake riƙe da su. Wannan ya isa idan ƙuncin kaɗan ne kuma daga tsayuwar haƙora ya taso. Idan kuwa ƙashin ne ya yi ƙunci, karkatar da haƙora tana da iyaka: idan aka wuce ta, ƙashin da ke rufe saiwa ta waje yakan yi siriri, dasashi ya ja baya, haƙoran kuma su nemi komawa inda suka fito.

6.0 Ma'aunin Zaɓi

Daga abin da ya gabata, tambaya uku ce take gaban likita da iyaye. Ta farko, ina ƙuncin yake, a ƙashi ko a haƙora? Ta biyu, wane mataki mahaɗar ta kai? Ta uku, akwai dalilin lafiya da ya hana ƙarfe, ko kuwa sha'awa ce kawai? Yaro ɗan shekara 7 mai saɓanin cizo wanda ake yi wa hoton ƙwaƙwalwa a kai a kai, na'urar PEEK da ake mannewa ta dace da shi ƙwarai. Yarinya 'yar shekara 13 mai ƙuncin ƙashi sosai, wadda ba ta da matsala da nikel, tana buƙatar na'ura mai ƙarfin buɗe mahaɗar da ta fara sarƙewa, kuma ɓata shekara guda a kan kwanson haƙora yana iya kai ta matakin da sai an kafa ƙananan kusoshi a ƙashin ganɗa ko an yi tiyata.

Akwai kuma batun hujja. Bitar da ƙungiyar Cochrane ta sabunta a 2021 a kan gyaran saɓanin cizo ta nuna cewa a yara 'yan shekara 7 zuwa 11, wayar nan mai lanƙwasa huɗu da ake mannewa ta fi tsofaffin faranti masu ciruwa nasara. Bitar ba a kan sababbin faranti na nailan aka yi ta ba, amma darasinta game da abin da yaro zai iya cirewa yana nan. Na'urorin sukuru suna da bibiya ta fiye da shekara sittin, waɗanda aka bayyana a 2021 da 2023 kuwa yaran farko da suka sa su ba su daɗe da gama famfara ba, wasu ma ba su gama ba. Haka nan kowace na'ura marar ƙarfe tana buƙatar sikana, da manhajar tsarawa, da injin ƙira, kuma sau da yawa daga wata ƙasa ake aiko ta. A inda waɗannan suka yi nisa, na'urar ƙarfe da ma'aikacin ɗakin ƙirar haƙora zai lanƙwasa ya kuma gyara da hannu tana da fifikon da bai kamata a raina ba.

7.0 Furuci da Kalmomi

Duk abin da aka ɗora a kan ganɗa yana rage sararin da harshe yake motsi a ciki. Saboda haka a kwanakin farko akan ji sauyi a sautukan da ake furtawa a hanƙa da bayanta da kuma ganɗa, irin su /s/, /ts/, /sh/, /c/, /j/ da /y/, da ganɗantattun /ky/, /gy/ da /ƙy/, har da wasalin /i/, wanda gaban harshe yake ɗagawa kusa da ganɗa wajen furta shi. Yawancin yara sukan saba cikin 'yan makonni. Kaurin na'urar da inda ta zauna su ne suke ƙayyade girman sauyin, don haka farantin nailan da ya rufe ganɗa duka yana iya taɓa furuci kamar yadda sukuru yake yi. Wannan fage ne da masu nazarin furucin Hausa za su iya aunawa da kayan aikin da suke hannunsu.

Ta fuskar kalmomi, kalmar "roba" a Hausar yau ta haɗa bokiti da leda da taya da robar ɗaure kuɗi, kuma tana ɗauke da ma'anar abu marar ƙarko. Idan aka ce wa uba za a sa wa ɗansa roba a baki, zai iya ɗaukar abin da wasa, ko ya zaci marar ƙarfe marar ƙarfi ce. Ya fi dacewa a ambaci na'urar da aikinta: mai buɗa ƙashi ko mai tura haƙora, mannanniya ko mai ciruwa. Waɗannan siffofi biyu su ne suke gaya wa iyaye abin da za su sa rai da shi da kuma nauyin da ya hau kansu.

8.0 Kammalawa

Muƙalar ta nuna cewa faɗaɗa muƙamuƙin sama ya dogara ne a kan kai ƙarfin da ya dace ga mahaɗar tsakiyar ganɗa kafin ta sarƙe. Na'urori marasa ƙarfe sun warware matsaloli na gaske ga yaran da nikel yake cutarwa, da masu yawan hoton maganaɗisu, da waɗanda juya sukuru yake gagara a kansu. An kuma ga cewa rukunansu uku ba aiki ɗaya suke yi ba: mannanniyar PEEK tana tura ƙashi a sannu, jerin farantin nailan yana kwaikwayon juyin sukuru, kwanson haƙora kuwa galibi haƙora yake karkatarwa. Abin da ya fi muhimmanci ga yaro shi ne a duba shi tun yana famfara, a gane inda ƙuncin yake, sannan a zaɓi na'urar da za ta iya kai wa wurin.